Murfin tankin kifin teku: Yadda ake zaɓen mai ƙarko

Tsalle daga cikin tanki yana daga cikin hanyoyin da masu kiwon kifin teku a gida domin ado suke yawan yin asarar kifayensu, kuma yana daga cikin waɗanda suka fi sauƙin magancewa.

Kifin da ya faɗo ƙasa ba ya jimawa. Gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai suna mannewa da juna da zarar sun rabu da ruwa, jikinsa ya bushe, kuma tun da galibi cikin dare abin yake faruwa, sai da safe mai gida yake tarar da gawar a bayan tanki.

Maganin wannan shi ne murfi. Sai dai ba kowane murfi ne ya dace da ruwan gishiri ba. Wanda ya dace dole ne ya toshe duk wata kafa da kan kifi zai iya shiga, ya jure wa gishiri shekara da shekaru, sannan kuma ya bar iska da haske su isa ga ruwan.

Daga ina kifayen suke zuwa?

Kiwon halittun teku a cikin akwatin gilashi ya bunƙasa ne a Ingila a tsakiyar ƙarni na 19. A shekarar 1853 aka buɗe gidan kifi na farko da jama'a ke shiga kallo, a gidan namun daji na birnin Landan. Shekara guda bayan haka masanin halittu Philip Henry Gosse ya wallafa littafin da ya yaɗa wannan sha'awa a gidajen Turawa.

Daga baya abin ya zama babban kasuwanci. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a shekarar 2003 ya ƙiyasta cewa mutane miliyan ɗaya da rabi zuwa miliyan biyu ne ke da tankin kifin teku a duniya, kuma ana cinikin kifaye miliyan 20 zuwa 24 a kowace shekara, daga nau'o'i 1,471.

Rahoton ya ce darajar kasuwar ta kai dala miliyan 200 zuwa 330 a shekara, inda ƙasashen Indonesiya da Filifin suka fi kowa fitar da kifin, Amurka kuma ta fi kowa saye.

Saɓanin kifin ado na ruwan daɗi, wanda akasarinsa a gonaki ake ƙyanƙyasarsa, yawancin nau'o'in kifin teku masunta ne ke nutsawa su kamo su daga cikin duwatsun murjani. An samu ci gaba wajen ƙyanƙyasar wasu, kamar kifin nan mai ratsin fari da ruwan lemo da ya yi suna a fim ɗin Finding Nemo na shekarar 2003, amma waɗannan 'yan kaɗan ne idan aka kwatanta da jimillar nau'o'in da ke kasuwa.

Ke nan kifin da ya mutu a kan daɓen ɗaki ya riga ya tsallake kamu da jigilar jirgin sama da zaman kanti, kuma sau da yawa wani za a sake kamowa daga teku domin maye gurbinsa. Asarar ta wuce kuɗin da mai kiwo ya kashe.

Me ke sa kifi tsalle?

Babban dalili shi ne firgita. A cikin ƙwaƙwalwar yawancin kifaye akwai wasu manyan ƙwayoyin jijiya guda biyu, waɗanda aka sa wa sunan Ludwig Mauthner, likitan ido ɗan ƙasar Ostiriya da ya fara bayyana su a shekarar 1859.

Idan kifi ya ji motsi ko ƙara ba zato, waɗannan ƙwayoyi suna sa jikinsa ya lanƙwashe ya cilla da ƙarfi cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Kifin ba ya tsayawa duba inda zai nufa.

A teku wannan dabara tana ceton rai, domin akwai ruwa mai zurfin mitoci da yawa a sama da kifin. A cikin tankin gida, wanda zurfinsa bai cika wuce santimita 45 zuwa 60 ba, irin wannan cillawa kan fitar da shi waje.

Abubuwan da ke jawo firgita suna da yawa. Akwai kunna fitila ko kashe ta farat ɗaya, da buga gilashi, da wucewar inuwa, da kuma kora daga wani kifin da ya fi ƙarfi. Sabon kifi ya fi shiga wannan haɗari a kwanakinsa na farko, lokacin da bai sami maɓoya ba, waɗanda ya tarar kuma suna kare yankunansu.

Haka nan lalacewar ruwa tana sa kifi neman mafita. Ƙarancin iskar oksijin, da taruwar sinadarin amoniya daga kashin kifi da ragowar abinci, da ƙwayoyin cuta masu sa ƙaiƙayi a fata, duk suna tura kifi zuwa saman ruwa.

Sai dai kuma ko da ruwa yana da kyau, kuma babu mai takura masa, akwai kifin da tsalle ɗabi'arsa ce. Saboda haka kyakkyawar kulawa tana rage haɗarin ne kawai, ba ta kawar da buƙatar murfi.

Waɗanda suka fi fita

Masu kiwo sun daɗe da sanin nau'o'in da ba a barinsu a buɗe. Na gaba-gaba su ne ƙananan kifaye masu launi na dangin Cirrhilabrus da Paracheilinus, waɗanda mazansu ke yin gudu mai sauri zuwa sama yayin nuna ado ga mata.

Sai kifin Nemateleotris magnifica, mai farin gaba da jan baya, wanda tsawonsa bai cika wuce santimita 9 ba. A teku yakan tsaya daf da raminsa ya faɗa ciki da zarar ya ga barazana. Siririn jikinsa yana ba shi damar wucewa ta kafar da mutum ba zai zata ba.

Kifayen dangin Opistognathus, masu haƙa rami a cikin yashi da bakinsu, su ma sukan fita, musamman kafin su gama gina gidansu a sabon tanki.

Akwai kuma waɗanda ba tsalle suke yi ba, rarrafe suke yi. Kifaye masu kama da maciji, irin su Echidna nebulosa, suna bin bango da bututu suna ture murfi da kai. Masu kiwon tarwaɗa sun san makamancin wannan hali, domin ita ma takan bar kududdufi ta ja jiki a ƙasa.

Wadda ta fi kowa ƙwarewa ita ce oktofus, halittar nan mai hannuwa takwas, wadda ba ta da ƙashi, kuma takan iya ratsa duk ramin da bakinta mai tauri zai shiga. A shekarar 2016 kafofin yaɗa labarai suka ba da labarin wani oktofus mai suna Inky, da ya tsere daga babban gidan kifi na ƙasar Niyu Zilan da ke birnin Napier. Ya fita ne ta 'yar kafa a saman tankinsa, ya bi bututun magudanar ruwa mai tsawon kimanin mita 50 har zuwa teku.

Abin da ya bambanta ruwan gishiri

Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, kuma wannan ma'auni ake ƙoƙarin riƙewa a tanki. Wannan gishiri shi ke sa zaɓen murfi ya fi wuya fiye da na ruwan daɗi.

Da farko, feshin ruwa da tururi suna kai gishiri kan duk abin da ke saman tanki. Idan ya bushe sai ya bar farin ɓawo, wanda ke cin ƙarfe, yana dusashe gilashi, yana kuma iya shiga cikin fitilu da wayoyin lantarki.

Na biyu, ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar oksijin ba. A zafin digiri 25 na ma'aunin Selshiyos, lita ɗaya ta ruwan daɗi takan riƙe kimanin miligiram 8 na oksijin, ta ruwan teku kuwa ba ta kai miligiram 7 ba. Ta saman ruwa oksijin ke shiga, ta nan kuma iskar kabon dayoksaid ke fita. Murfin da ya toshe ko'ina yana rage wannan musaya, kuma taruwar kabon dayoksaid tana ƙara wa ruwan tsami, abin da ke hana murjani girma yadda ya kamata.

Na uku shi ne zafi. Ana riƙe tankin kifin murjani ne tsakanin digiri 24 da 27. Ƙafewar ruwa daga sama tana sanyaya tanki, shi ya sa masu kiwo ke ɗora ƙaramar fanka ta riƙa hura saman ruwan. Rufaffen murfi yana hana wannan, yana kuma tara zafin fitilu da na injinan tura ruwa.

Na huɗu shi ne haske. Yawancin murjanin da ake kiwo suna samun abincinsu ne daga wata ƙaramar gansakuka da ke zaune a cikin jikinsu, wadda ba ta aiki sai da haske mai ƙarfi. Duk abin da ya shiga tsakanin fitila da ruwa yana rage rabon murjani.

Murfin gilashi

Gilashi shi ne mafi daɗewa a cikin kayan murfi. Gishiri ba ya cin sa, danshi ba ya tanƙwara shi, kuma nauyinsa yana hana kifi ture shi. Yana rage ƙafewar ruwa sosai, wanda ke nufin gishirin tanki ba ya yawan hawa da sauka.

Illarsa ita ce yana riƙe zafi, yana rage shigar iska, kuma raɓa da gishiri suna taruwa a ƙarƙashinsa su tare haske idan ba a riƙa goge shi ba. Yana kuma iya fashewa idan ya suɓuce daga hannu.

Gilashi ya fi dacewa da tankin da ke da kifi kawai ba murjani, a ɗaki mai sanyi, musamman idan ruwan yana gangarawa zuwa wani buɗaɗɗen tankin tacewa a ƙasa inda zai sha iska.

Murfin roba mai kama da gilashi

Nau'i biyu ake samu a kasuwa, akirilik da polikabonet. Dukansu ba su da nauyi, suna da sauƙin yankawa, kuma ba sa fashewa kamar gilashi.

Matsalar akirilik ita ce yana tsotsar danshi. Ɓangaren da ke kallon ruwa yana kumbura fiye da wanda ke kallon fitila, sai farantin ya gantsare, gefunansa su ɗaga. Wannan ɗagawa ita ce ƙofar da kifi ke fita ta ciki, kuma takan bayyana ne a hankali, bayan mai kiwo ya saki jiki.

Polikabonet ya fi ƙarfi, kuma bai kai akirilik shan danshi ba, saboda haka ya fi riƙe siffarsa, musamman idan yana da kauri. Sai dai idan ba irin wanda aka yi wa kariya ba ne, haske mai ƙarfi yakan mayar da shi rawaya bayan shekaru.

Murfin raga

Tun da aka fara yayin tankuna marasa baki, waɗanda ake rataya fitilunsu daga sama, murfin raga ya zama zaɓin akasarin masu kiwon murjani. Ana ɗaure farar ragar roba mai siririn zare ne a jikin firam, a ɗora a kan tanki ko a cikin bakinsa.

Raga tana barin iska ta shiga, zafi ya fita, kuma kaɗan take ragewa daga haske. Tana da taushi, don haka kifin da ya doke ta yakan koma ruwa ba tare da rauni ba.

Girman ido shi ne abin dubawa. Ana sayar da mai idon kimanin milimita 6, wadda ta isa ga matsakaita da manyan kifaye, da kuma mai milimita 3 domin ƙanana da sirara. Ƙa'idar ita ce idon ragar ya gaza faɗin kan mafi ƙanƙantar kifin da ke cikin tanki.

Raunin raga shi ne ba ta hana ƙafewar ruwa. Ruwan da ya ƙafe yana barin gishirinsa a baya, don haka dole a riƙa cike gurbinsa kullum da tataccen ruwan daɗi, ba na gishiri ba. Akwai na'urori masu yin wannan aiki da kansu.

Wasu kan yi amfani da farantin roba mai ramuka murabba'i, irin wanda ake sa wa a ƙarƙashin fitilun ofis. Yana da arha da ƙarko, amma ramukansa sun kai kimanin milimita 13, ƙananan kifaye suna wucewa, wani lokaci ma su faɗa a kansa su kasa komawa. Idan za a yi amfani da shi, sai a shimfiɗa masa raga.

Abubuwan da ya kamata a guje wa

Firam ɗin murfi shi ne ɓangaren da ya fi saurin lalacewa. Ƙarfe na yau da kullum yana tsatsa cikin 'yan makonni. Jan ƙarfe da tagulla sun fi haɗari, domin ɗan abin da ya narke daga jikinsu ya ɗiga cikin ruwa ya isa ya kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi. Haka ma waya ko ƙusa da aka shafe da tutiya.

Ko ƙarfen da ake kira mara tsatsa ba duka ne ke jure gishiri ba. Mai lamba 316 ya fi mai lamba 304, amma shi ma yakan yi ɗigo-ɗigon tsatsa idan ya daɗe. Alminiyam, wanda aka fi yin firam da shi, yana daɗewa idan an yi masa rufi mai kyau, sai dai wuraren da aka yanka ko aka kankare sukan fara farin gari. Firam na roba ko polikabonet ya fi kwanciyar hankali, kusurwoyi da maƙalai su ma su kasance na roba.

Ragar taga mai duhu tana tare haske da yawa, ta ƙarfe kuma tana ruɓewa.

Gargaɗi mafi muhimmanci ga wanda zai haɗa murfinsa da kansa ya shafi gidan sauro. Irin wanda ake rabawa domin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ana jiƙa shi ne da magungunan ƙwari irin su fametirin da deltametirin, waɗanda guba ne mai tsanani ga kifi da sauran halittun ruwa. Bai kamata ko yankinsa ya kusanci tanki ba, ko da an wanke shi.

Kafofin da ake mantawa

Mafi yawan kifin da ke fita daga tanki mai murfi, ta gefe yake fita. Wuraren da aka yanke domin wayoyi, da bututun shiga da fitar ruwa, da ƙafafun fitila, da kusurwoyi, nan ne ake barin giɓi.

Kafin a sayi murfi ko a haɗa shi, ya kamata a auna bakin tanki daga ciki da waje, a kuma zana inda kowace waya da bututu suke. A yanke gurbin kowanne daidai da kaurinsa, ragowar filin kuma a cike shi da soso ko guntun raga.

Akwatin da ruwa ke malala ta cikinsa zuwa tankin tacewa shi ma yana buƙatar nasa murfin, domin ƙananan kifaye sukan faɗa ciki su maƙale.

Ga masu kiwon kifi mai kama da maciji ko oktofus, raga mara nauyi ba ta wadatar ba. Ana buƙatar murfi mai tauri wanda aka ɗaure da maƙalai, a kuma rufe bakin kowane bututu.

Yana da kyau murfi ya kasance da 'yar ƙofa ta ba da abinci, ko kuma ya kasu gida biyu. Murfin da ke da wahalar ɗagawa, a ƙarshe ajiye shi ake yi a gefe, kuma kifaye da dama sun fita ne a 'yan mintocin da aka buɗe tanki domin shara. Tankin killace sabon kifi, da bokitin da ake saba masa da sabon ruwa a ciki, su ma a rufe su.

Yanayin wuri

Inda tanki yake yana da tasiri a kan zaɓi. A ƙasashe masu sanyi murfin gilashi yana rage kuɗin ɗumama ruwa. A garuruwa masu zafi kamar Kano ko Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, rufaffen murfi na iya kai ruwa matakin da murjani zai yi fari ya mutu, don haka raga ce ta fi dacewa, tare da fanka ko na'urar sanyaya ruwa.

Haka kuma inda ake yawan ɗauke wutar lantarki, injinan da ke motsa ruwa suna tsayawa, oksijin ya ragu da sauri, kuma dawowar wuta tana kunna fitilu gaba ɗaya ta firgita kifi. A irin wannan wuri murfin da ke barin iska ta shiga, kuma yake rufe a kowane lokaci, ya fi amfani.

Kulawa da murfi

Ana wanke murfi ne da ruwan daɗi aƙalla sau ɗaya a mako ko biyu. Idan gishiri ya kafe, a jiƙa shi da ruwan khal, a ɗauraye sosai kafin a mayar. Sabulu da maganin goge gilashi ba sa shiga wannan aiki, domin ragowarsu tana cutar da kifi.

A duk lokacin wanki, a duba ko raga ta saki ko ta yage, ko gefen roba ya ɗaga, ko firam ya fara tsatsa. Raga tana tsufa a ƙarƙashin haske, kuma sauya ta ba shi da tsada.

Idan aka tarar da kifi a ƙasa jikinsa da sauran danshi, a ɗauke shi da jiƙaƙƙen hannu a mayar da shi ruwa nan take, a riƙe shi a hankali inda ruwa ke gudana domin ya ratsa gaɓoɓin numfashinsa. Wasu sukan farfaɗo.

Bayan haka sai a nemo kafar da ya bi a toshe ta a ranar, a gwada ruwan, a kuma lura ko akwai kifin da ke korar sa. Kifin da ya fita sau ɗaya yakan sake gwadawa matuƙar abin da ya kore shi yana nan.